Giyar Italiya na ta tsada, albasarmu na faɗuwa: ina sirrin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin albasa ne a Aliero, jihar Kebbi. Ƙanena yana aikin tsinkar inabi a arewacin Italiya, kusa da garin Alba. Ya ce da inabin ake yin wata jar giya mai suna Barolo, kuma kuɗin kwalba ɗaya ta manyan gidaje ya fi na buhun albasa, sai ƙara tashi yake yi. Ni ba abin da ya haɗa ni da giya, Allah Ya tsare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, su ma manoma ne kamar mu. Me suka yi kayansu ke ƙara daraja, mu kuwa da kaka ta yi sai farashi ya faɗi warwas?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Haramcin giya ba abin gardama ba ne a wurinmu, batun aikin ƙanenka kuma ka kai shi gaban malaman fiƙihu. Ni ɓangaren noma da ciniki zan taɓa, domin tambayarka ta shafi kowane manomi a Kebbi.

Abu na farko da ake saya a kwalbar nan shi ne sunan wuri. Ba kowa ke da ikon rubuta Barolo a kayansa ba. Dokar Italiya ta keɓe sunan ga garuruwa 11 kacal a yankin Piemonte, da irin inabi guda ɗaya da suke kira Nebbiolo. Hekta ɗaya ba a yarda ta wuce tan 8 ba, ko da gonar za ta iya fin haka. Sannan ba a fitar da kayan kasuwa sai sun yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Wata giyar mai suna Brunello ta garin Montalcino ma sai a shekara ta biyar bayan girbi ake sayar da ita. Duka biyun sun samu DOCG, wato matsayi mafi girma na kare sunan wuri a dokar giyar Italiya, a 1980, kuma kowace kwalba tana ɗauke da takardar gwamnati mai lamba a wuyanta.

To ka ga iyakar garuruwan nan ba ta ƙaruwa, masu saye kuwa sun ƙaru daga Amurka da Ingila da Asiya, musamman da irin ta Faransa ta fi ƙarfin aljihun wasu suka karkato Italiya. Har ta kai hekta ɗaya a gonakin da suka yi suna tana haura Yuro miliyan ɗaya. A 2022 kuɗin kwalabe da makamashi ya tashi bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, a 2023 kuma cutar ganye ta rage amfanin gonakin inabin Italiya ƙwarai. Wani ɓangare na tsadar dai ba inganci ba ne ko kaɗan: akwai attajiran da ke saye su ɓoye don su sayar gaba, ana biyan suna da alfahari. Wannan ba shi nake so mu koya ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka zo nan. A 1986 wasu marasa tsoron Allah a Piemonte ɗin nan suka yi algus da guba a giya mai araha, mutum kusan 20 suka mutu, kasuwarsu ta waje ta durƙushe. Daga nan manoman suka gane cewa mutum ɗaya zai iya ɓata sunan gari guda. Ƙungiyoyinsu suka tsananta sa ido, suka yarda a rage yawa don a kare suna.

Yanzu dubi namu, Alhaji. Albasar Aliero ta yi suna har kudancin ƙasar nan, amma da buhu ya hau mota, wa zai iya rantsuwa daga Aliero ya fito? Dillali na iya haɗa ta da ta ko'ina ya kira ta da sunanku. A cikinmu ma akwai mai jera manya a bakin buhu, ƙanana da masu ruɓewa a ƙasa. Mai saye da aka cuta sau ɗaya ba zai tuna sunan manomin ba, sunan garin zai riƙe. Wannan yana yi mini ciwo, domin wahalar ban ruwa da kuke sha ta fi ƙarfin a zubar da ita haka.

Sai batun jira. Albasa ba za ta yi shekaru a ajiye ba, amma 'yan watannin da ke tsakanin kaka da damina su ne ribar. Matsalar ita ce bashin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa ne ke tilasta kowa ya kai kasuwa lokaci ɗaya, wanda ya zuba a rudu kuma ruɓewa ta cinye masa kaso mai yawa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Kamaru ta yi wa barkonon Penja rajistar sunan wuri a 2013, maƙwabtanmu na Nijar ma sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu.

Shawarata, ku fara da abin da ke hannunku. Ku manoma goma ko ashirin da kuka yarda da juna ku ware albasa manya, matsakaita da ƙanana, ku sa a buhu mai tambarin ƙungiyarku da lambar waya, ku amince duk wanda aka kama da algus ya fita. Ku haɗa kuɗi ku gina ma'ajiya mai shan iska, ku busar da albasar sosai kafin ajiya. Sannan ku nemi 'yan kasuwa biyu ko uku a Legas ko Onitsha da za ku riƙa aika wa kai tsaye, ku roƙe su su riƙa faɗa muku gaskiyar yadda kayan suka isa.