An cire mini ƙari a cinya, amma hoton ƙirji kawai suke yi mini

Wani ɗan'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ya rubuto. Wata 14 ke nan da aka cire masa sankarar tsoka, wadda likitoci ke kira sarkoma, aka kuma yi masa gashin wurin da hasken na'ura. Yanzu duk wata uku ake duba cinyar da hannu, a ɗauki hoton ƙirji, a sallame shi. Yayansa na cewa raini ne don shi baƙo ne, ya ajiye aikin ya dawo gida ya huta wata takwas. Wani dalali kuma ya yi alkawarin kai shi Indiya a yi masa hoton jiki duka, "a gama magana".

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba raini ba ne. Wannan cuta in za ta bazu, huhu ta fi nufa, kuma ta fi dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko. Shi ya sa ake duba mai nau'i mai zafi duk wata uku ko huɗu a wannan tsakanin, sai duk wata shida har shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara. Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai ya gwada marasa lafiya 500, sakamakon ya fito a 2014: waɗanda aka bi da hoton ƙirji na yau da kullum ba su gaza waɗanda aka bi da CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla) tsawon rai ba. A Indiyar da dalalin ke son kai ka aka gano haka.

CT ya fi gani, gaskiya ne, amma ganinsa na da tsada. Haskensa ya ninka na hoton ƙirji sau da dama, kuma yana tono ƙananan ɗigo a huhu waɗanda yawancinsu ba komai ba ne. Tsohon tabon tarin fuka ma yakan fito. Daga nan sai wani hoton bayan wata uku, wani lokaci har allurar ɗebo nama, kai kuma ba barci. In hoton ƙirji ya nuna inuwa, su da kansu za su tura ka CT. In ka ji sabon kumburi kusa da tabon, hoton MRI, mai nuna tsoka sosai, ne aikinsa, kuma sau da yawa mai jikin ne ke fara ji. Ka riƙa shafa wurin duk wata. Ka kuma tambayi likitanka ainihin sunan nau'in naka, domin akwai wanda kan nufi ciki ko ƙashin baya, shi hoton ƙirji kaɗai bai wadatar ba.

Dalalin nan ka rufe masa ƙofa. Hoto ɗaya labarin ranar kawai yake bayarwa. An sha ganin waɗanda suka biya, suka dawo da faifai da rahoton da ba a kwatanta da tsofaffin hotunansu ba, asibiti ya sake komai daga farko.

Yayanka na ƙaunarka, amma bai yi lissafi ba. Bizarka ta aiki ce ta ba ka damar amfani da NHS, tsarin asibitocin gwamnatin ƙasar, shi ke ɗauke da duk wannan duba. Ka ajiye aiki, a rage bizarka zuwa kwana 60. Ko da aikin na nan, wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 na ɓata maka neman takardar zaman dindindin. Ka dawo da bizar ziyara, NHS ta caje ka kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin. Wanda ke cewa ka dawo, shi zai biya MRI? Anya. Kuma kai ne ake jira ka turo na shinkafa ƙarshen wata.

Gida za ka je, amma na mako uku, kuma bayan an duba ka, ba gab da ranar ba. Ka faɗa wa ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da fayil ɗinka ranar tafiya, ka riƙe wasiƙar asibiti ta ƙarshe da lambar wayarta a aljihu.