Filin Tambaya da Amsa: Na ci jarrabawar rediyo amma dattawa sun ce ni ɗan hadda ne

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon wasiƙu uku na ɗauko kuma duk a kan rediyon ham ne, wato rediyon nan na masu sha'awa da mutum zai kafa 'yar tasharsa a ɗaki ya yi magana da wani a wata duniya ba kati ba data ba netwok. Masu tambayar sola ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Amurka ina karatun injiniyan lantarki. Wata uku da suka wuce na zauna jarrabawar lasisin ham, kuma a zama ɗaya na cinye matakai ukun duka har na ƙarshe. Amma wallahi tun da na fara hawa iska ban ji daɗi ba, ranar farko wani dattijo ya katse ni ya ce ban iya kiran tasha ba, a kulob ɗinmu kuma wani ya ce irinmu haddar amsoshi kawai muka yi, wai wanda bai iya Mos ba, wato aika saƙo da ƙarar ɗigo da layi maimakon murya, ba ɗan ham ba ne. Shin lasisin nawa na banza ne ko kuwa hassada ce kawai?

Daga wani ɗalibi, jihar Ohayo

AMSA: Ƙanena barka da arziki tukuna, cinye ukun nan a zama ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ko me za su ce. Amma zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba, dattijon nan yana da rabin gaskiya, sauran rabin ne ya ɓata da baƙar magana.

Bari masu karatu su gane abin da ake magana. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ce ke ba da lasisin, mataki uku ne, Teknishan da Janaral da Ekstira. Na farko tambaya 35 ka ci 26 ka wuce, na biyu ma haka, na ukun tambaya 50 sai ka ci 37. To abin da ke ci wa tsofaffin rai shi ne duk tambayoyin da amsoshinsu a fili suke, an buga su kowa na iya saukewa a waya, na matakin farko wajen 400 ne kawai, don haka mai kaifin hadda irin yaranmu da suka taso a makarantar allo zai iya shanye su a sati biyu bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba. Kai kanka ka san ko hadda ka yi ko fahimta, ni ba na wurin.

Su kuwa yadda suka shigo daban ne, kuma in ba ka san wannan tarihin ba ba za ka gane zafinsu ba. A 1951 aka fito da lasisin 'yan koyo da suke kira Nobis, shekara ɗaya tak yake yi kuma ba a sabunta shi, ko ka haura gaba ko ka sauka daga iska, ƙarfin na'urarka ba zai wuce wat 75 ba. Ekstira ɗin nan da ka samu da hantsi ɗaya, a wancan lokacin sai ka shekara 2 da lasisi a hannu kafin ma a bar ka ka zauna jarrabawarsa. Ga Mos, kalma 5 a minti ga ɗan koyo, 13 ga Janaral, 20 ga Ekstira, kuma kafin 1984 in Janaral ko Ekstira kake nema yawanci gaban jami'in gwamnati za ka je ka zauna yana kaɗa maka kana rubutawa hannu na rawa, ba kamar yanzu da 'yan sa-kai na kulob ke yi muku a ɗakin karatu ko ma ta bidiyo ba. Mutumin da ya faɗi jarrabawar kalma 13 sau uku kafin ya tsallake, yau ya ga yaro ya zo da lambar kira, wato lambar da ake sanin tasharsa da ita a iska, gajera irin ta manya, ai dole abin ya sosa masa rai, ɗan Adam ne.

Sai dai fa ba kai ka canza dokar ba. Tun 1991 FCC ta buɗe Teknishan ba tare da Mos ba, a 2000 ta sauke gudun zuwa kalma 5 ga kowa, a 2003 taron rediyo na duniya a Janiba ya cire wajabcin daga dokar ƙasa da ƙasa ya bar wa kowace ƙasa zaɓi, sannan a Fabrairun 2007 Amurka ta cire shi gaba ɗaya. Kaga kenan wanda zai ce maka ba ka iya Mos ba don haka kai ba ɗan ham ba ne, da hukuma yake rigima ba da kai ba, kuma ya makara da shekaru masu yawa.

Wani abin dariya ma, wannan gorin gadonsa ake yi. Masu aika saƙo da tartsatsin wuta na farkon zamani sun raina waɗanda suka koma na'urar kwalba, masu tsohuwar hanyar aika murya ta AM sun yi ta yi wa masu sabuwar hanya ta SSB dariya a shekarun 1950 wai muryarsu kamar ta agwagwa, yau kuma su masu SSB ɗin ne ke cewa FT8, hanyar aika gajeren saƙo ta rediyo da kwamfuta, ba rediyo ba ne kwamfuta ce ke gaisawa da kwamfuta. Alhali FT8 ɗin nan da ta fito a 2017, cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro ta akwai Joe Taylor, K1JT, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, sai a je a ce masa shi ma ɗan hadda ne mu gani.

To amma mu dawo kan rabin gaskiyarsu, nan ne amfaninka yake. Lasisi izinin hawa titi ne kawai. Ka ɗauki karen mota da ya shekara goma a hanyar Kano zuwa Legas da wanda ya fito daga makarantar koyon tuƙi jiya da katinsa sabo fil, doka na tare da mai katin amma in ruwa ya tsuge da dare a hanya kowa ya san wanda zai so ya riƙe sitiyari. Akwai abubuwa da yawa da ba sa cikin tambayoyin nan 50. Yadda za ka yi shiru ka saurara kafin ka danna makirfo, ka tambaya ko akwai mai amfani da layin, yadda za ka tsinci lambar kiran mutum a cikin shuuu da ƙarar tsawa, wane zango ke buɗewa da rana wane ne sai dare, me ya sa eriyarka ke dawo maka da wuta cikin na'ura, me ya sa duk sanda ka yi magana sifikar maƙwabci ke amsawa. Waɗannan sai an zauna an ɓata lokaci an ƙona wani abu. Ni ranar da na fara kiran CQ, wato kiran duk wanda ya ji ya amsa, sai da na rubuta abin da zan faɗa a takarda, da aka amsa min kuma na ruɗe na manta lambar kirana ni kaina, mutumin ya yi dariya ya ce in sake a hankali ba inda za shi.

Shawarata, kar ka tsaya kare kanka da takarda, kuma kar ka ce musu kai injiniya ne don ƙara zuga su za ka yi. Wanda ya gyara maka kira ka ce na gode ka tambaye shi yadda ake yi, sau da yawa mai faɗan nan shi ne zai zo gidanka ranar Asabar da tsani da igiya. A cikinsu akwai abin da suke kira Elma, wato dattijon da ke ɗaukar sabon shiga ya raine shi, sunan ya samo asali ne daga wani rubutu da Rod Newkirk ya yi a mujallar 'yan ham ta QST a Maris ɗin 1971, kuma har yau kowane kulob na kirki yana da irinsu, yawanci ba su ne masu yawan surutu a ripita, wato tashar da ke maimaita magana ta kai ta nesa, ba. Ka nemi ɗaya. Ka haɗa eriya da hannunka, ba wuya, ka raba 143 da yawan megahaz ɗin da kake so zai ba ka tsawon wayar a mita, a zangon mita 20, wato megahaz 14 da 'yan kai, wajen mita 10 kenan, ka raba ta biyu biyar kowane ɓangare, ka rataya ka auna ka datse ka sake aunawa. In ka je musu da matsalar da ka ci karo da ita a kan wannan wayar za ka ga maganar ta canza. In kuma kulob ɗin duka 'yan gori ne to ka canza kulob mana, Ohayo ce fa, can ake babban taron 'yan ham na Hamvention a yankin Deton duk watan Mayu, 'yan ham ba su yi maka kaɗan ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni mai gyaran rediyo da talabijin ne sama da shekara 20, na sayi oba-oba guda biyu ƙirar Baofeng a kasuwa. Wani ya ce min sai da lasisi. Ni da na san cikin rediyo kamar yunwar cikina wace jarrabawa kuma za a yi min?

Daga wani mai gyara, Kano

AMSA: Maigida kai kuma taka kishiyar ta ɗalibin can ce, kana da hannu ba ka da takarda. Ba wanda ke musun iyawarka, ɓangaren lantarki na jarrabawar ma ƙila kai za ka koya wa mai jarrabawar. Amma lasisin ba shaidar iya gyara ba ce, iska ce ake rabo. Wannan 'yar Baofeng ɗin da ke hannunka tana iya watsawa tun daga megahaz 136 har 174, alhali rabon 'yan ham a wannan yankin a nahiyarmu 144 zuwa 146 ne kacal, sauran duk da masu shi, jiragen ruwa ne kamfanoni ne jami'an tsaro ne, kuma ita na'urar ba za ta hana ka ba duk inda ka murɗa za ta bi ka. Sannan akwai ƙa'idoji, ba a kasuwanci a kai, ba a sa waƙa, ba a magana a ɓoye da zaurance, kuma dole ka riƙa faɗin lambar kiranka. Lambar ita ce sunanka a duniya, ta Najeriya da 5N take farawa, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST, duk wanda ya ji ya san daga ina kake.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a halin da arewa ke ciki a tare ka a shingen bincike da oba-oba biyu a jaka ba wata takarda, bayanin da za ka yi mai tsawo ne kuma ba lallai a tsaya saurara ba. Don Allah kar ka yi yawo da su haka. Akwai ƙungiyar 'yan ham ta ƙasa, NARS, ta nan ya kamata ka fara su nuna maka ofishin da ake bi da takardun da ake nema.

Kafin nan saurare ba ya buƙatar ka danna komai. Mu da muka tashi muna murɗa gajeren zango muna neman Landan da Jamus a mita 16 da 19 ai rabin aikin mun riga mun iya. Ka buɗe WebSDR, wato rediyon da ake saurara ta intanet, na jami'ar Twente da ke Holan a wayarka ka je wajen kilohaz 14200 da yamma ka ji yadda suke gaisawa suna ba juna rahoton sigina suna rufewa da 73, wato gaisuwar ban kwana. Kuma kar ka sa rai da yawa a kan oba-obar nan, wat 5 ce, a cikin gari 'yan kilomitoci kaɗan za ta kai. Daɗin yana gajeren zango, a can kuwa mu 'yan gata ne, tashoshin 5N da 5U ba su da yawa a iska, ranar da ka yi kira da lambarka Turawa da Japanawa za su yi maka caa kowa na son ya rubuta ƙasarka a littafinsa, babu mai tambayar yaushe ka samu lasisi. Ga kuma QO-100, na'urar 'yan ham da ke kan tauraron Es'hail-2 na Katar da aka harba a Nuwamban 2018, yana tsaye wuri ɗaya a sama ya rufe Afirka duka, da kwanon dish irin wanda kake ɗaura wa mutane kullum ake kama shi, nan kam shekarunka 20 za su yi maka rana.

TAMBAYA: Malam mata na yi kuwa? Kuma tunda an cire Mos akwai amfanin in koya?

Daga wata 'yar uwa, Kumasi

AMSA: Suna yi sosai 'yar uwa, YL ake ce musu a iska, wato Young Lady da Turanci, kuma jarrabawa ɗaya ce ba ta maza ba ta mata. A Ghana hukumar sadarwa ta NCA za ki tuntuɓa. Mos kuwa jarrabawarsa aka cire ba shi aka kashe ba, har gobe ƙasan zangon mita 20 da 40 cike yake da masu kaɗa shi, don yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa, da wat 5 da waya a kan bishiya sai ki tsallaka teku. In za ki koya kar ki haddace jadawalin ɗigo da layi da ido, nan mutane ke maƙalewa, da kunne ake koyo kamar kiɗa. Ki nemi manhaja mai tsarin Koch, harafi biyu za ta fara ba ki da cikakken gudu, in kin kama kashi 90 cikin 100 ta ƙara miki ɗaya. Minti 15 kullum bayan sallar asuba ya fi awa uku ranar Lahadi, ki yi wata biyu a haka sannan ki rubuto min harafin da ya fi ba ki wahala, ni dai Q da Y ne suka daɗe suna rikita ni.