Ruwa na cinye min gona, ya zan yi? Amsa ga masu tambaya kan zaizayar ƙasa

Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon duk a kan zaizaya ne, to na zaɓi guda uku da nake ganin za su amfani kowa.

Wani bawan Allah daga wajen Akko a jihar Gombe yace kwazazzabo ya buɗe a gindin gonarsa, zurfinsa ya kai ƙugu, ya jera buhunan yashi ya zuba shara amma ruwan farko na bana ya kwashe komai, ramin ma ya ƙaru.

Malam sannu da ƙoƙari, amma a wajen da ruwa ya riga ya gama tara ƙarfinsa ka je ka tare shi, shi yasa. Ruwan da ke cin gindin gonarka daga can sama ya taso, ƙila ma daga gonar maƙwabcinka ko daga kan burtali, kuma duk tsawon gangarar da ya bi ba abin da ya rage masa gudu. Don haka aikin daga sama ake fara shi. Ka samo tiyon nan fari da magina ke auna lebur dashi, ka cika shi da ruwa, kai da yaro ɗaya kuna kafa turaku a duk inda ruwan ya daidaita a bakin tiyon biyu, wannan layin shine wanda ya gitta gangara daidai, a kansa zaka jera duwatsu. Ka ɗan tona ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu ka zaunar da manya, ƙanana su toshe tsakani, tsayi ya kai kamar santimita 25 ya isa. In gangarar mai sauƙi ce, wato a mita 100 ƙasa bata sauka fiye da mita 2 ba, tazarar mita 25 zuwa 40 tsakanin jeri da jeri tayi, in tafi haka tsayi sai ka matso dasu. Masu bincike na cibiyar INERA a Burkina Faso sun yi shekaru suna auna ruwa da ƙasar da ke fita daga gonakin da aka jera wa duwatsu, sun ga jerin yana rage kwararar sosai, amma amfanin gona baya tashi yadda ake so sai an haɗa da taki. In babu dutse a wajenku ka dasa jema ko gamba a kan layin, kusa da kusa har su haɗe, iyayenmu dama dasu suke iyakar gona.

Sai ka dawo cikin kwazazzabon. Kar ka gina katanga ɗaya doguwa, ruwa zai zagaye ta ko ya bi ta ƙarƙashinta. Ƙananan shingayen dutse ake yi da yawa, kowanne ƙasa da mita ɗaya, tsakiyarsa ta fi gefe kwanciya don ruwa ya tsallaka ta tsakiya kada ya ci gaɓa, gefe biyun kuma a cusa su cikin gaɓar sosai, sannan a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo, nan ne mutane suka fi mantawa kuma ta nan shinge ke fara rushewa. Saman shingen da ke ta ƙasa ya zo daidai da gindin shingen da ke samansa. Shara kuwa dan Allah a daina, leda bata riƙe ƙasa. In rami yafi ƙarfin mutum ɗaya, irin waɗanda muke gani a cikin garin Gombe, wannan aikin injiniya ne da kejin waya mai cike da duwatsu, ku haɗu a ƙungiyance ku kai kuka ofishin ACReSAL na jiharku, shirin gyaran ƙasa ne na Bankin Duniya na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja.

Wata Hajiya daga Daura tace ta gaji fili amma faƙo ne, ko ciyawa bata fitowa, in anyi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce.

Hajiya kar ki sayar dashi. Mutanen Illela a jihar Tahoua ta Nijar irin wannan faƙon suka raya da tassa, wasu har saye suke su gyara. Da rani za'a haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar taku ɗaya, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba takin gargajiya cikin hannu biyu a kowane rami. Gara zata zo cin takin ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga. Marigayi Yakubu Sawadogo na Yatenga a Burkina Faso da wannan dabarar ya mayar da faƙo daji har aka bashi lambar yabo ta duniya a 2018. Aiki ne mai wahala gaskiya, hekta ɗaya na cin ramuka dubu goma ko fiye, to a fara da kwata. Kuma a bar karan gero a kwance a gona, gwajin cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai ya nuna kara kamar tan 2 a hekta yana tare yashin da iska ke kwashewa.

Na ukun shine ya fi tayar min da hankali. Wani matashi daga Gembu a kan tsaunin Mambila yace gonarsa a jikin tudu take, ya ga bidiyon rabin wata na Nijar, wato ramuka masu siffar rabin wata da ake haƙawa don tare ruwa, yana so yayi, kuma ya lura da wata tsaga a saman gonar, gidansu na ƙasanta.

Ɗan uwa kar ka haƙa ko ɗaya. Tassa da rabin wata na ƙasar da ruwa yayi mata kaɗan ne kuma shimfiɗaɗɗiya, ku kuwa ruwa yawa yake muku, in ka tilasta masa ya nutse a jikin tudu mai tsayi ƙasar zata jiƙe tayi nauyi, ta saki jikin dutsen da ke ƙarƙashinta ta zamo gaba ɗaya. Kai janye ruwa zakayi. Ka ja magudana a can saman tsagar wadda zata karkatar da ruwa zuwa rafi, ka toshe tsagar da yumɓu ka daddanne, ka kafa turaku biyu ɗaya a kowane gefenta kana auna tsakaninsu da igiya bayan kowane ruwa. Kar a yanke gindin tudu don faɗaɗa gida ko ɗiban ƙasar bulo, shine ke tokare da na sama. Gaba in hankali ya kwanta sai ayi maganar matakalar dutse irin ta mutanen Gwoza da Sukur, wadda ba'a sa mata siminti don ruwa ya riƙa tsiyayewa ta tsakanin duwatsun, da dasa itatuwa masu dogon saiwa. Amma in ka ga tazarar turakun na ƙaruwa, ko itatuwa sun fara karkata, ko idon ruwan da kuka sani garau ya koma ja, to ku kwashe iyali ku kwana wani wajen a ranar, musamman daren da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan ka sanar da mai unguwa da hukumar agajin gaggawa ta jihar Taraba su turo wanda zai duba tudun.