Ba annoba ce ta mai da Wharram Percy kufai ba

Malam, ka tambaya ko babbar annobar 1349, wadda Turawa ke kira Black Death, ce ta share ƙauyen Wharram Percy da ke yankin Yorkshire a Ingila. A'a, ba ita ba ce. Annobar ta ci rayuka da dama, amma ƙauyen ya ci gaba da rayuwa sama da shekara ɗari bayanta. Kiwon tumaki ne ya tashi mutanen ƙauyen. Da ulu ya yi daraja, masu ƙasar suka ga kiwo ya fi noma riba, sai suka mai da gonaki makiyaya, wajen 1500 aka kori iyalan da suka rage. Wannan zalunci ne, kuma bai kamata a ɗora wa cuta laifinsa ba.

Hujjar tana ƙarƙashin ƙasa. Tonon binciken tarihi da masanin tarihi Maurice Beresford ya fara a 1950, masanin kayan tarihi John Hurst ya shigo daga baya, aka yi ta yi har 1990, ya fito da gidajen manoma da aka zauna cikinsu har ƙarni na 15. In za ka je, ka bari sai la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da tushen gidajen da tsohuwar hanya a cikin ciyawa, kusa da rusasshen cocin St Martin. Da tsakar rana tudu da kwari kawai za ka gani.