Amsa ga 'yar'uwar da ke neman ɗakin haya a Melbourne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, aiki ne ya hana ni zama sai yanzu. Kin ce kun iso Melbourne ba da daɗewa ba, maigida yana karatu a jami'ar La Trobe, ga yaro ƙarami, dillalai sun ƙi ba ku gida don ba ku taɓa haya a Ostireliya ba. Sai ga wata 'yar wajenmu ta ce ku zo ta ba ku ɗaki, ku danƙa mata kuɗin ajiya a hannu, ba sai an rubuta komai ba tunda duk gida ne. Kika kuma ce kin gaji da zaman ɗaki, ko'ina ne ma ki samu inda za ki ji ana Hausa. Wallahi wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni wucewa, don na san gajiyar da kike nufi.

Don girman Allah kada ki ba ta ko sisi sai da takarda.

Mu ma haka aka tarbe mu. Wata baiwar Allah ce da ta girme ni sosai, Anti nake ce mata, har filin jirgi ta aiko a ɗauko mu. Daren farko tuwon shinkafa ta yi mana, na ci ina hawaye don daɗi. Ta karɓi kuɗin ajiya da na wata guda, da maigidana ya nemi rasit sai ta ɓata rai, wai mu muka zo da hali irin na Turawa. Kunya ta rufe mana baki. Ba a jima ba muka fara ganin canji. Hita ɗaya ce a gidan, a falo, da ƙarfe tara na dare take kashe ta, ta kulle falon. Kin dai ji sanyin Yuli da kanki, gidajen nan na da iska ce ke shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga. 'Yata tana da wata bakwai a lokacin. A ƙirjina nake kwantar da ita, in lulluɓe mu da bargo da sallaya da duk zanen da na zo da shi, da asuba in ga ruwa yana tsiyaya a jikin gilashin taga, bangon bayan gadonmu ya yi baƙi da funfuna. In na shiga yi wa yarinya wanka sai ta tsaya bakin ƙofa tana buga mini, wai ruwan zafi kuɗi ne.

Ashe ita ma haya take, mai gidan bai ma san da mu ba. Ranar da dillali zai zo duba gida ta sa muka tura akwatunanmu cikin motarta, ta ce mu fita sai la'asar. Na yini a tashar jirgin ƙasa da yarinya tana tari, ana yayyafi, ina kallon jirage suna zuwa suna wucewa, ban san kowa ba, ban san inda zan nufa ba. A gida lokacin tsakar dare ne, ko Ummata ba zan iya kira ba. Har yau in na bi ta tashar nan sai gabana ya faɗi. Da muka samu wuri za mu tashi, ta ce ba ta da kuɗinmu, wai warin daddawa ya kama labulenta, manja ya ɓata mata kicin. Labulen da ni nake wankewa! Kuma ta riga mu kai labari, duk taron suna da za ta je sai ta ce mun ci mata amana. Matar da nake durƙusawa in gaishe ta. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba, kuma ba na so in ji an yi wa wata.

Ba na ce taki haka take ba, akwai mutanen kirki da yawa cikinmu. Amma mutumin kirki ba ya gudun takarda. A jihar Victoria, inda Melbourne take, kuɗin ajiyar nan da suke kira bond ba a aljihun mai gida yake zama ba, akwai hukumar da ke riƙe shi, RTBA, kuma ita za ta turo miki shaida da sunanki. Doka ta ba wanda ya karɓa kwanakin aiki 10 ya kai. In kuɗin hayar bai wuce dalar Ostireliya 900 a mako ba, ba a karɓar ajiyar da ta fi hayar wata ɗaya. Ki tambayi matar nan kai tsaye: mai gidan ya amince a rubuce ta saka wasu? Za a sa sunanku? In ta fara kame-kame, kin samu amsarki. Ki kira Tenants Victoria, ƙungiyar da ke taimaka wa 'yan haya, kyauta suke ba da shawara, ni sai bayan komai ya wuce na ji labarinsu.

Batun dillalai kuma kada ku karaya, kowa a nan ya sha wannan. Ranar Asabar ake buɗe yawancin gidajen, minti goma sha biyar ne an rufe, ku je da takardunku a shirye: fasfo, biza, takardar makaranta, bayanin asusun banki, in akwai tallafin karatu a sa wasiƙarsa a sama. Ku nema a unguwannin Reservoir, Preston, Thomastown ko Bundoora ɗin kanta inda jami'ar take. Tiram mai lamba 86 yana bi ta Preston har ƙofar jami'ar, maigida ba ya buƙatar mota yanzu. Ki lura, a mako suke rubuta haya amma a wata ake biya, dala 450 a mako ba 1,800 ba ce, wajen 1,950 ce, in aka yi sau 52 aka raba 12. Wannan ya rikita mutane da yawa. Kuma tun Maris 2021 dole ne gidan haya ya kasance da hita kafaffiya a falo, in kin shiga ba ki gani ba ki tambaya. Ranar da kuka karɓi makulli ki ɗauki hoton kowane tabo, har cikin tanda, kafin ki mayar da takardar da dillali zai ba ku mai bayyana yanayin gidan.

Amma ni abin da ya fi damuna a rubutunki shi ne zaman ɗakin. Ƙanwata ki fita. Ƙarfe biyar ta yi a lokacin sanyi duhu ya shigo, shaguna sun fara rufewa, unguwa tsit kamar an yi shara, maigida yana makaranta, shaiɗan sai ya samu wurin zama a zuciyar mutum. Ni laburaren unguwa ne ya cece ni. Akwai ɗumi, ba wanda zai ce ki sayi wani abu, suna da ranar karanta wa yara labari, a can na haɗu da wata 'yar Somaliya da ta zame mini 'yar'uwa har yau. Ki nemi ofishin ƙaramar hukumarku ki yi wa yaron rajista wurin nas ɗin iyaye da yara, kyauta ne, suna auna shi, kuma ke ma suna tambayar ki yadda zuciyarki take. Ki gaya musu gaskiya, ba abin kunya ba ne. Ranar Juma'a ki je masallacin Preston da ke titin Cramer, ko ba ki ji Hausa ba za ki ji sallama, kasuwa ma tana kusa, akwai mahautan halal. Garin rogo da manja da kuɓewa ki duba shagunan 'yan Afirka a Footscray. Kada dai ki sa a aiko miki da kilishi, ba ya wuce filin jirgi, kuma suna cin tara mai nauyi in ba a bayyana ba.

Af, in maigida digiri na biyu yake ko na uku, ke ba a ƙayyade miki awannin aiki ba, ki duba sharuɗɗan bizarki ki gani, sannan ki nemi lambar haraji tun yanzu, in babu ita kusan rabin albashi suke cirewa. Katin Myki kuma, na biyan kuɗin tiram da jirgin ƙasa, ki riƙa taɓawa duk lokacin da kika hau tiram a wajen tsakiyar gari, masu duba tikiti ba sa jin uzuri.

Ki yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina da ƙaramar hita da bargunan yara da 'yata ta girme su, Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu zan shigo Preston cefane, sai in kawo miki, in kuma kuna da gidan da za ku duba in raka ku.