Haruffan Pi ɗin nan na takardar doki, ciwo ne ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Na sayi wata goɗiya ta wasan folo, aka haɗo min da takardunta har da wata tsohuwar takardar gwajin jini ta kakanta wanda wai daga waje aka shigo dashi, a ciki naga an rubuta Pi sai kuma L/U. Yarona dake karatun likitanci yace a mutane in wannan abin ya samu matsala ciwon huhu yake kawowa, gashi kuma ita goɗiyar tun shigowar hunturu take tari. Dan Allah ciwon gado ne na saya da kuɗina? Sannan gwajin jinin zai iya tabbatar min jikar wancan dokin ce da gaske? Daga wani mai kiwon dawaki a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Kwantar da hankalinka, L/U ɗin nan ba sunan ciwo bane, tambarin gado ne kawai, duk dokin da aka yiwa irin wannan gwajin sai an rubuta masa nasa haruffan.

Pi wani furotin ne da hanta ke haɗawa ta zuba cikin ruwan jini. Kaga fararen ƙwayoyin jini in sun je yaƙi da ƙwayar cuta, musamman a huhu, suna fesa wani sinadari mai narka nama da ake cewa elastes, to shi wannan sinadarin baya tantance abokin gaba da ɗan gida, in ba a taka masa birki ba har naman huhun zai ci. Aikin Pi kenan. Kuma yadda yake kamun ne yake burge ni, kamar tarkon ɓera yake, yana miƙo wani ɗan silin jikinsa a matsayin abinci, elastes ɗin na zuwa ya gatsa sai tarkon ya rufe dashi ya murɗe shi, daga nan su biyun sun gama aiki jiki ya kwashe su gaba ɗaya.

Yaronka bai yi ƙarya ba, a gaishe shi yana karatu. A shekarar 1963 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Laurell da Eriksson, suka gano akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wannan furotin, mai nau'in Z daga uwa da uba furotin ɗin maƙalewa yake a hanta baya fitowa sosai, sai huhu ya lalace da wuri musamman in yana shan taba, wani ma har hantar ta taɓu. Amma fa wannan labarin ɗan Adam ne. Mu ƙwayar gado ɗaya ce ke wannan aikin, a kuromozom (wato zaren dake ɗauke da ƙwayoyin gado) na 14, shi kuwa doki nashi jeri ne na ƙwayoyin gado da yawa manne da juna a kuromozom na 24, ana gadonsu tare a dunƙule, kuma L ko U ba lalatattu bane, nau'i ne kawai na lafiyayyen furotin.

Dalilin da yasa ma ake rubuta shi a takarda shine yawan nau'ikansa, sun haura 20 in aka haɗa jinsunan dawaki. Wani masani ɗan Norwe mai suna Braend ne ya bayyana yadda ake gadonsu a 1970, daga baya Pollitt da Bell a Ostireliya suka ƙara tantance su wajen 1983. Ana ɗiga ruwan jinin a kan wani abu mai kama da jeli a sakar masa lantarki, kowane nau'i ya yi tafiyarsa ya tsaya a inda ya saba, sai layuka su fito a karanta. Dukushi yana ɗaukar ɗaya a wajen uwa ɗaya a wajen uba kuma duka biyun suna bayyana, babu mai danne wani.

To nan ne amfaninsa yake, nan ne kuma iyakarsa. Ace goɗiya L/L ce ta haifi dukushi L/U, dole U ɗin daga uba ya zo, in ingarman da ake cewa shine uban bashi da U to magana ta ƙare, ba nashi bane. Amma in yana da U ɗin fa? Ba hujja bace, dawaki masu U suna da yawa. Shi yasa a da ake haɗa shi da rukunin jini da wasu furotin na jini irin su taransfarin da albumin kafin a yanke hukunci. Balle kai maganar kaka kake, jika ma zata iya zuwa bata ɗauko L ko U ɗinsa ko ɗaya ba kuma jininsa ce halak malak, don haka gaskiya wannan takardar ita kaɗai ba zata raba maka gardama ba, kuma duk dillalin da ya ɗaga ta yana ƙara farashi da ita wayo yake maka. Yanzu ma an bar wannan gwajin, ƙungiyar dake rajistar dawakin sukuwa a Amurka ta koma DNA tun daga haihuwar 2001, gashin geza ko na wutsiya ake tsigowa da saiwarsa, kuma sai an samu na uwa da na uba an gwada.

Maganar tari kuwa ni barga zan fara dubawa kafin jini. Harawar da ta daɗe a ajiye ta yi ƙura ko fumfuna, ga hazo, ga ɗaki a rufe ruf saboda sanyi, wannan shi yafi sa dawaki fuka. A yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba mata, kar a yi shara tana ciki, a bar iska na shiga. A kuma auna zafin jikinta da safe, na doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, in ya wuce haka ko tana majina ko ta ƙi dusa to ana iya zargin murar dawaki mai yaɗuwa, irin wadda ta ɓarke a Sakkwato ƙarshen 2018 ta kashe jakuna da dama, sai a ware ta daga sauran a daina hawanta a kira likitan dabbobi ya zo ya saurari ƙirjinta.