Tambaya da amsa: Yaya zan shirya wa jarrabawar lasisin inshorar mallakar gida a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, ina aikin notari, wato shaida sa hannu a kan takardu. Wani ofishi da ke kammala cinikin gidaje ya ce zai riƙa ba ni aiki idan na samu lasisin wakilcin inshorar mallakar gida. Na sayi littafi, na fara haddar ma'anonin kalmomi, amma da na gwada tambayoyin gwaji sai komai ya cakuɗe mini. Ta ina zan kama? Kuma wata biyu zai ishe ni, ga aiki ga yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Wata biyu zai isa, amma sai kin sauya salon karatun. Haddar kalmomi ita ce ta cakuɗa miki abin, domin masu tsara jarrabawar ba kasafai suke tambayar ma'anar kalma tsurarta ba. Labari suke kawowa: wane ya sayar wa wane, wane ya riga kai takarda rajista, to wa ke da gida? Wanda ya fahimci dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan inshora zai iya warware tambayar da bai taɓa gani ba.

Inshorar mota da ta gobara suna kallon gaba ne, abin da ka iya faruwa gobe. Inshorar mallaka kuwa baya take kallo. Tana kare mai saye daga aibin da ya riga ya shiga tarihin gidan kafin ranar da aka ba da folisi, wato takardar yarjejeniyar inshora: sa hannun jabu a wata tsohuwar takarda, magajin da aka manta da shi wajen rabon gado, bashin da ya rataya a wuyan gidan ba a biya ba, ko kuskuren magatakarda wajen rajista. Shi ya sa sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ranar kammala ciniki, kuma shi ya sa mafi yawan kuɗin yake tafiya wajen bincike da gyara tun kafin matsala ta taso, abin da ake biyan diyya da shi kaɗan ne. Asalinta ma daga nan ne. A 1868 kotun ƙoli ta jihar Pennsylvania ta yanke hukunci a shari'ar Watson da Muirhead cewa mai binciken takardu ba zai biya mai saye asararsa ba tunda bai yi sakaci ba, ya dogara ne da ra'ayin lauya. Mai saye ya tashi a tutar babu. Bayan shekara takwas, a 1876, aka kafa kamfanin farko na wannan inshora a Philadelphia.

Wanda ya taso a Najeriya yana zuwa da tunanin takardar C of O, wadda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978. Ki ajiye wannan tunanin a gefe. A mafi yawan Amurka hukuma ba ta tabbatar wa kowa cewa gida nasa ne. Ofishin rajista yana karɓar takarda ne kawai, ya buga mata lamba da lokaci, ya adana. Gano wanda ya mallaki gida aikin mai bincike ne, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake bin salsalar mutum, daga mai gidan yanzu zuwa wanda ya sayar masa, zuwa na gabansa.

Abu na farko da za ki yi shi ne ki sauko da littafin jagorar masu jarrabawa na jiharki. Jihohi ne ke kula da harkar inshora a Amurka, dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ce ta tabbatar musu da wannan iko, don haka kowace jiha da nata tsarin. Jihar Iowa ma ba ta bar kamfanoni su sayar da wannan inshora a cikinta ba, hukumar jihar ce ke ba da tabbacin. A wajenku hukumar inshora ta Maryland ce ke ba da lasisi, jarrabawar kuma kamfanonin jarrabawa irin su Prometric, PSI da Pearson VUE ne jihohi ke ba kwangilarta. A cikin jagorar akwai jerin darussa da yawan tambayoyin da kowane darasi ke ɗauka, da makin cin jarrabawa, wanda a jihohi da yawa kashi 70 ne cikin 100. Wannan jerin shi ne manhajarki. Ki raba lokacinki gwargwadon nauyin kowane darasi, kada ki bi littafin da kika saya shafi-shafi, musamman idan an rubuta shi ne don ƙasar baki ɗaya.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ya fi komai amfani: ki roƙi ofishin nan da ya yi miki tayin aiki ya ba ki samfurin takardar alkawarin inshora da samfurin folisi, waɗanda aka goge sunayen mutane. Kusan kowa yana amfani da fom ɗin ALTA, ƙungiyar kamfanonin inshorar mallaka ta Amurka, wadda aka kafa a 1907, kuma ta sabunta fom ɗinta a 2006 da 2021. Ki zauna da biro ki karanta su layi-layi. A takardar alkawari za ki ga Jadawalin A, inda aka rubuta ranar da bincike ya tsaya, wanda za a yi wa inshora, adadin kuɗi, mai gidan yanzu da bayanin iyakokin fili. Sai Jadawalin B kashi na ɗaya, sharuɗɗan da dole a cika kafin a ba da folisi, misali a biya tsohon bashin banki a kawo takardar sakin jingina. Sai kashi na biyu, abubuwan da aka toge game da wannan gidan, kamar haƙƙin kamfanin wuta na ratsa bayan fili da turakunsa.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Akwai togaciya iri biyu, wato abubuwan da inshorar ba ta biyan diyya a kansu. Ɗaya tana cikin jikin folisi, an buga ta iri ɗaya ga kowa: dokokin tsara gari, ikon gwamnati na karɓar fili don amfanin jama'a, aibin da wanda aka yi wa inshorar ya jawo da hannunsa ko ya amince da shi, aibin da ya sani ya ɓoye alhali ba ya cikin rajista, da abin da ya faru bayan ranar folisi. Ɗayar kuma ita ce ta Jadawalin B, wadda ta keɓanta da gida ɗaya. Idan tambaya ta zo, ki fara tambayar kanki: wannan abin ya shafi kowane gida ne, ko wannan gidan kaɗai? Haka nan ki bambance folisin mai gida da na mai ba da bashi. Na mai gida yana nan muddin shi ko magadansa suna riƙe da gidan. Na banki kuwa yana raguwa yayin da ake biyan bashi, ya ƙare ranar da aka gama biya, kuma ba ya kare mai gida ko da shi ne ya biya kuɗinsa.

Sai dokokin rajista, waɗanda nake so ki zauna a kansu sosai. Ɗauki wannan misali. Mai gida ya sayar wa mutum na farko ranar Litinin, shi kuma ya sa takardarsa a aljihu bai kai rajista ba. Ranar Alhamis mai gidan ya sake sayar wa mutum na biyu. A jihohin da ke bin tsarin rige-rige zalla, irin su North Carolina da Louisiana, wanda ya riga kai takarda shi ke da gida, ko da ya san da cinikin farko. A jihohin da ke bin tsarin sani, na biyu ya ci muddin ya biya kuɗi kuma bai san da na farko ba a lokacin da ya saya, ko bai riga kai takarda ba. Maryland tana bin tsarin da ya haɗa biyun: dole na biyu ya kasance bai sani ba, kuma ya riga yin rajista. Ki juya misalin ta kowace fuska. Idan na biyu ya ga na farko ya tare a gidan fa? Ai zaman mutum a gida ya isa ya sa mai saye ya yi tambaya, doka za ta ɗauka ya sani. Ki kuma riƙe cewa harajin gida na ƙaramar hukuma yana shiga gaban sauran basussuka, ko da ya zo daga baya.

Kin yi sa'a, rajistar filayen Maryland, wadda magatakardan kotun kowace gunduma da na birnin Baltimore ke riƙe da ita, tana intanet a shafin MDLandRec. Ki buɗe, ki nemo takardar wani gida, ki bi ta baya hawa uku ko huɗu. Awa ɗaya a nan zai zaunar miki da abin da babi guda bai zaunar ba. A can za ki ga irin takardar miƙa mallaka da aka fi amfani da ita a jihar, wadda mai sayarwa ke lamunce zamanin da gidan yake hannunsa kaɗai, saɓanin wadda ke lamunce tarihin gidan gaba ɗaya, da wadda ba ta lamunce komai. Idan gidan Baltimore ne, kina iya cin karo da hayar ƙasa, tsohon tsarin da mutum ke mallakar gini amma yana biyan wani mutum kuɗin hayar filin da ginin ke kai, na shekara 99 mai sabuntawa. Littafin da aka rubuta don ƙasa baki ɗaya zai iya tsallake wannan, jarrabawar jiharku kuwa tana iya tambaya.

Wajen mallakar haɗin gwiwa, ki kula da wani abu. Mu da muka saba da rabon gado na Musulunci, zuciyarmu tana saurin cewa kason mamaci na magadansa ne. Haka yake a nau'i ɗaya, inda kowa ke da kasonsa da zai iya sayarwa ko a gada. Amma akwai nau'in da idan ɗaya ya rasu, kasonsa yana komawa kai tsaye ga wanda ya rage, ko wasiyya ba ta canza shi. Akwai kuma na mata da miji, wanda Maryland ta amince da shi, inda mai bin ɗayansu bashi shi kaɗai ba ya iya kama gidan a mafi yawan lokuta. A ɗakin jarrabawa dokar jiha za ki amsa. Wannan ilimin kuma zai amfani 'yan'uwanmu da ke sayen gida ba tare da sun san abin da aka rubuta a takardarsu ba.

Dokokin tarayya ba su da yawa. RESPA ta 1974, dokar da ke tsara yadda ake kammala cinikin gidaje, ita ce babba. Sashe na 8 ya haramta bayarwa ko karɓar wani abu mai daraja saboda an turo maka abokin ciniki, hukuncinsa tara har dala 10,000 ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko duka biyun. A wajenmu ba wa wanda ya kawo maka ciniki ɗan goro ko la'ada mutunci ne, a wannan sana'a kuwa yana iya cinye lasisinki, don haka ki riƙe shi da kyau har bayan jarrabawa. Sashe na 9 ya hana mai sayarwa tilasta wa mai saye wani kamfanin inshora. Tun Oktoban 2015 kuma dole takardar bayanin kuɗaɗen kammala ciniki ta isa hannun mai karɓar bashi kwana uku na aiki kafin ya sa hannu. Ki haɗa da ƙa'idojin asusun amana: kuɗin mutane ba ya cuɗanya da na ofis, ko na kwana ɗaya.

Lissafi kaɗan ne, kada ya tsorata ki. Shekarar harajin gida a Maryland tana farawa 1 ga Yuli. A ce harajin dala 3,600 ne, mai sayarwa ya biya na shekara duka, aka kammala ciniki 1 ga Oktoba. Kowane wata dala 300 ke nan, ya ci wata uku, mai saye zai mayar masa da na wata tara, dala 2,700. Ki kuma haddace cewa eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, yanki ɗaya a tsarin awon gwamnati eka 640 ne, don haka rabin rubu'insa eka 80.

Game da lokaci, mako biyar na farko ki ba fahimta, awa ɗaya bayan asuba kafin yara su tashi ya fi awa uku na dare da gajiya. Mako ukun ƙarshe na tambayoyin gwaji ne da agogo a gabanki. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta dalilin da ya sa amsar da kika zaɓa ba ita ba ce, ki koma wajen a folisi ko a dokar jiha. Ki yi hattara da tambayoyin da ke cewa duk amsoshin daidai ne ban da ɗaya, gaggawa ke kayar da mutane a kansu. Kuma idan abin da kika ga ana yi a ofis ya saɓa da abin da doka ta rubuta, dokar za ki zaɓa.

Ki yi rajistar ranar jarrabawa tun yanzu, da suna daidai da na katin shaidarki harafi-harafi. Bayan kin ci, sai neman lasisin kansa, wanda ake iya yi ta tsarin NIPR, shafin intanet na neman lasisin wakilcin inshora. Fom ɗin zai tambayi tarihinki, ki amsa da gaskiya, domin dokar tarayya ta hana wanda aka taɓa samu da babban laifin rashin amana shiga harkar inshora sai da rubutaccen izini. Maryland tana da wani rukuni na masu wannan lasisi da ke aiki da ofisoshi a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu, wanda notari da yawa ke shiga. Ki tambayi ofishin tun yanzu ko ma'aikaciya za su ɗauke ki ko 'yar kwangila, da kuma wanda zai ɗauki nauyin takardar lamunin da jiha ke nema, don kada lasisi ya fito aiki ya tsaya jiran takarda. Allah ya ba da nasara.